Littafin Cefanen Fumie

Ƙarfe bakwai da rabi na dare a Hakodate,
ƙanƙara ta lulluɓe dogon da na tuƙa tarago a kansa
shekara talatin da ɗaya.
Ga ni, Tsutomu, tsaye gaban firjin kifi
kamar mai jiran a kira sunansa a asibiti.

Ban san kuɗin albasa ba sai da Fumie ta rasu.
Shekara arba'in ina cin abin da aka ajiye mini,
ban taɓa tambayar tukunya yadda ta cika ba.
Ta bar mini tabarau mai ɗaurin zare
da littafin cefane mai shuɗin bango,
shafukansa sun sha maiƙo har sun yi santsi.

A shafin farko ta rubuta:
Kada ka shiga kanti da yunwa,
ciki mugun ɗan rakiya ne,
shi ke zaɓe, aljihu ke biya.
A gefe, da jan biro:
Ƙwai ranar Talata. Awara dab da rufewa.
Duba kantar ƙasa.
Mai tsada ake jerawa daidai ido,
mai araha sai wanda ya yarda ya sunkuya.

To, na sunkuya, Fumie.
Gwiwata ta yi ƙara har wata yarinya ta waiwayo.

Ga yaron nan Shohei ya fito
da 'yar na'urarsa mai tofa jan tambari: rabin kuɗi.
Mu tsofaffin unguwa muna biye da shi,
kowa na yi kamar hanya ce ta haɗa.
Wannan na karanta bayan kwalba,
waccan na sansana lemon da ba za ta saya ba.
Kifin da ya wuni yana yanga a yen ɗari shida
ya sauke kai, ya dawo ɗari uku.
Ashe haƙuri ma yana hawa sikeli.

Guda ɗaya ya rage.
Hannuna ya kai, na Kuwabara ya kai,
matar nan ta bene na uku mai tari da asuba.
Muka tsaya muna rusuna wa juna,
ɗauki, a'a kai dai ɗauka,
ba wanda ya saki.
Ta ce, kai kaɗai ne? Na ce, ni kaɗai.
Ta ce, ai kifi gefe biyu gare shi.
Kabeji ma, mai sayen rabi shi ake cuta,
guda ya fi sauƙi
in akwai mai raba shi da kai.

Da wuƙarta muka raba a kan matakala,
ta ƙirga mini canji har yen bakwai,
ta ce kada in zubar da kan,
romo ne na kwana biyu.

Na dafa. Na ci. Na wanke kwano ɗaya.
Na buɗe littafin in rubuta abin da na rage,
sai yatsana ya zame zuwa baya,
wata bayan wata, shekara bayan shekara.
Ta soke nama. Ta soke tufa. Ta soke sukari sau biyu.
Layi ɗaya ne biro bai taɓa bi ta kansa ba:
Ganyen shayin Tsutomu, mai kyau, ɗari tara.
Ƙarƙashinsa, da ƙananan baƙaƙe:
Man shafawata, sai wata mai zuwa.
Na juya. Sai wata mai zuwa.
Na juya.

Na tuna kaushin tafinta a lokacin sanyi,
ina ce mata ruwan famfo ne.

Yau na rage ɗari huɗu da goma.
Gobe da safe zan koma,
tun Shohei bai tashi barci ba,
tun ba a tofa wa komai ja ba,
in ɗauko man daga kantar da ke daidai ido,
in biya kuɗinsa cif,
in ajiye gaban hotonta, kusa da kofin shayi.